Ƙulli Talatin da Na Yi wa Inna

An yi sadakar arba'in ɗin Inna tun makon jiya, amma sai yau na iya zama na riƙe biro. Ba wai ƙarfin ya dawo ba ne. Har yanzu in na zauna sai in ji kamar kada in tashi. Sai dai na gaji da maimaita labarin ga duk wanda ya zo gaisuwa, kuma na san ko yanzu akwai mai haɗa jaka zai kai tsohuwarsa ƙauye hutu. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya san abin da zai yi da nasa.

Ni malamar firamare ce a Gaya, sunana Rakiya. Mahaifiyata Hansai, wadda muke kira Inna, 'yar Toranke ce ta ƙasar Ajingi. Can aka haife ta, can ta haife mu. Bayan rasuwar Baba aka gano tana da hawan jini, sai wana, Yaya Sani, ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa a Gaya don ta fi kusa da asibiti. Tsakanin gidansa da nawa lungu biyu ne. Shekara huɗu cur, kullum kafin in wuce makaranta sai na biya na ba ta ƙwayoyinta uku, na tsaya a kanta har ta haɗiye. Dole in tsaya, don Inna ba ta taɓa yarda cewa ba ta da lafiya ba. Takan ce, "Wane irin ciwo ne wannan da sai an ɗaura maka igiya a hannu za a san kana da shi?"

Da aka yi dogon hutu na damina, ta tasa mu a gaba sai an kai ta Toranke. Tana son ganin gyaɗar da aka shuka mata, tana son ta yi wata guda wajen ƙanwarta, wadda muke kira Yafendo. Yaya ya ƙi, ta daina amsa gaisuwarsa da kyau. Kwana uku ya sauko. Aka tsayar cewa ni zan raka ta da yarana mu yi 'yan kwanaki, in dawo, ita ta cika watanta.

Ni kuwa an san ni da tsari, har ana tsokanata da shi a makaranta. Na ɗauko wata tsohuwar jakar hannu na zauna na cika ta. Maganin zazzaɓin cizon sauro, na manya da na yara. Maganin ciwon kai. Garin ruwan gishiri da sukari saboda gudawa, tunda damina ce kuma ruwan rijiya za a sha. Auduga, aidin, filasta, bandeji, man zafi, har da ƙaramin almakashi. Inna tana kan tabarma tana kallona tana taunar goro.

"Ke kam sai ka ce Makka za mu," in ji ta. "Toranke ce fa, 'yar nan. Mutane ne a can, ba su mutu ba."

Sai na zo kan nata maganin, na tsaya tunani. Kwali uku ne, biyu daga ciki ƙwayoyinsu farare ne masu kama da juna. Inna ba ta karanta boko, Yafendo ma haka. Na ce a raina, in na bar su a kwali, wata rana za ta sha biyu daga wannan ta bar wancan. Sai dabara ta faɗo mini. Na aika aka sayo farar leda, irin wadda ake ƙulla gishiri da kanwa, na ɓalle ƙwayoyin duka daga takardunsu, na riƙa ƙulla uku-uku. Ƙulli talatin, na kwana talatin. Na zuba su a wankakken gwangwanin madara, na rufe, na jefa cikin jakar tare da sauran kayan.

"Inna, kin ga? Kullum da safe ƙulli ɗaya. Ba ruwanki da wani karatu."

Na ji daɗin kaina ranar nan, ba zan ɓoye ba. Har matar Yaya na kira ta zo ta ga aikina.

Mun sauka Toranke da hantsi, kafin azahar gida ya cika da mata. Duk wanda ya san ƙauyenmu ya san cewa baƙon da ya zo daga gari ba a gaishe shi a tashi hannu sake. Inna ta zo da tsarabarta, sabulu da man shafawa da goro da alawar yara. Duk wadda ta miƙe za ta tafi sai ta ce, "Tsaya mana," ta damƙa mata wani abu a hannu. Haka take tun muna yara. Ko daddawa ce ta rage mata sai ta gutsura ta ƙulla wa baƙo. A kwana uku tsarabar ta ƙare ƙaf, masu gaisuwa kuwa ba su ƙare ba.

Cikin masu zuwa kullum akwai Iya Tabawa, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, doguwar tsohuwa mai ɗaure kanta tamau da ɗankwali saboda ciwon kai. Su zauna a gindin darbejiya su yi ta hirar mutanen da suka mutu, suna dariya har da hawaye. Na daɗe ban ga Inna cikin walwala irin ta kwanakin nan ba.

Ranar kwana na huɗu fartanya ta sare wani maƙwabci a ƙafa. Ni da kaina na ɗauko jakar na buɗe ta a tsakar gida, a gaban kowa, na wanke masa na ɗaure. Wata ta ce kanta na sarawa, na ba ta ƙwaya biyu. Wata ta ce jikarta na gudawa, na ba ta garin nan na nuna mata yadda ake damawa. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa 'yar Hansai ta zo da asibiti a jaka. Washegari na tattara yarana muka dawo Gaya, na bar jakar a ɗakin Inna da duk abin da ke cikinta.

Duk bayan kwana biyu ina kiran wayar Yafendo a ba ni Inna. "Inna, magani fa?" Sai ta ce, "Ke dai kin cika mita. Lafiyata ƙalau, iskar gida ta karɓe ni. Ya yaran?" Sai mu shiga wata hirar.

Ranar da ta cika kwana ashirin da biyu, Yafendo ta kira ni bayan la'asar. Wai tun da hantsi Inna na tsinkar zogale ƙwaryar ta suɓuce mata, ta karkace ta faɗi, bakinta ya juye gefe. Tun da hantsi! Na ce me suke yi tun lokacin? Ta ce sun zaci iska ce ta buge ta, an kira malam ya yi tofi, an yi hayaƙi, suna jira ta farfaɗo. Yaya ya samo mota. An yi ruwa, hanya ta jiƙe, ba mu iso asibiti da ita ba sai da rana ta faɗi.

Likitan da ya karɓe mu ya auna ta, ya sake aunawa, sannan ya ɗago ya tambaya ko tana shan magani.

"Kullum," na ce masa da ƙarfina. "Ni na ƙulla mata da hannuna."

Sai da muka fito baranda Yafendo ta ja ni gefe, ta kasa kallon idona.

"Rakiya, ƙullin nan fa sun ƙare. Yau kusan sati biyu."

Na ce ƙare kamar yaya? Talatin ne.

"To, ai kin san halin Innarki. Mutane na zuwa, ba abin da za ta ba su. Wannan ta ce jiri, waccan ta ce kai, sai ta ce ai irin ciwonta ne, ta buɗe gwangwani ta miƙa ƙulli. Ga shi a ƙulle tsaf, abin bayarwa. Tabawa kaɗai ta karɓi kusan goma, don ta ce yana mata aiki. Na ce bari in gaya miki, ta ce in na faɗa ba ni ba ita, kada a ɗora wa yarinya wata ɗawainiya."

Na zauna a ƙasa a wurin. Ban yi kuka ba. Da na koma na gaya wa likita, bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malama, ku kuka tafi hutu. Hawan jini ba ya zuwa hutu." Ya kira ciwon da sunansa na Turanci. Mu dai shanyewar ɓarin jiki muka sani.

Satin farko a kan layi na yi shi. Bayan kwana biyu aka tura mu wani babban asibiti a cikin Kano don a yi hoton ƙwaƙwalwa. Layin kati daban, na biya daban, na hoto daban, na karɓar sakamako daban. Ka kai gaban taga bayan awa biyu a ce ba nan ba ne, koma can. A rubuta magani, ka je a ce babu, fita waje ka saya. Na san kowane benci a wurin nan da inda ƙusarsa ke kama zani. Amma ba zan ci amanar alheri ba. Akwai wata nas, ƙaramar yarinya da na isa in haife ta, ita ta koya mini yadda ake juya marar lafiya duk bayan awa biyu, da yadda ake ba da kunu ta robar hanci. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ko ranar da na ɗaga mata tawa. Akwai kuma wata mata daga Gafasa da ke jinyar uwar mijinta a gadon kusa da mu, duk sanda na tafi layi ita ke kore wa Inna ƙuda. Ban ko karɓi lambarta ba. Allah ya saka musu.

A sati na uku aka sallame mu. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana ta tafi, sai kalma ɗaya-ɗaya da ƙyar. Na kwaso kayana na koma gidan Yaya, maigidana ya riƙe yara, bai taɓa nuna mini a fuska ba.

Jinya a gida ita ce jinya. Ɗagawa, juyawa, wanki, shanya, canza shimfiɗa, a dama kunu a tace, a ba ta cokali-cokali kada ta ƙware. Bayana ya riƙe tun a kwana biyar na farko. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina shi ne lokacin wanka da tsarki. Inna mace ce mai kunya, ko ɗankwali ba ta cirewa a gabanmu. Duk sanda na zo da ruwa sai ta juya fuskarta bango ta rufe ido, hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye. Nakan yi ta surutu, in ba ta labarin 'yan ajina, don kada ta ji shirun. Ba ta taɓa buɗe idon ba sai na gama na rufa mata zani.

'Yan dubiya kuwa kowa da takardar likitancinsa a baki. Wani kawunmu ya ce ƙaho za a yi mata a ƙeya a zuƙe mataccen jinin. Wata ta kawo kitsen damo a kwalba. Wata ta ce tafarnuwa da zuma, wata ta ce a daina na asibiti gaba ɗaya tunda ga inda ya kai mu. Wani ya rantse ya san mai magani a Balan da ya tayar da wanda ya fi Inna. Rubutu da addu'a mun karɓa hannu biyu. Sauran nakan ce "to, an gode," in tura ƙarƙashin gado. Ba ni da ƙarfin musu, kuma wace ce ni da zan yi wa wani gorin dabara?

Yaya ma sai da muka yi. Wata rana na ce masa kunzugun manya ya ƙare, ya dawo daga sakatariya a gajiye, sai ya ce, "Da kin bar magani a kwalinsa yadda aka ba ki, da duk ba a kai nan ba. Ke da iyayinki." Na ce da ya tsaya a kan ƙin da ya yi tun farko fa? Muka yi kwana biyu ba ma haɗa ido. A na uku na fito na tarar ya naɗe hannun riga yana wanke zanin gado a bakin rijiya, shi da ko hularsa bai taɓa wankewa ba. Ba mu sake ta da maganar ba. Tumakin Inna biyu da ke wajen Yafendo aka sayar a satin, kuɗin suka bi gashin ƙashi da motar zuwa Kano.

Gashin ƙashi sau biyu a sati. A ɗauke ta a sa a mota, a sauke, a jira, a miƙe mata hannu tana cije leɓe, a dawo. A sati na biyar babban yatsan ƙafarta ya motsa. Na kira matar Yaya da ihu kamar an yi haihuwa. A na shida ta zauna da kanta an tokare ta da matashi, ta ce "Rakiya" har ƙarshensa. Lokacin an koma makaranta. Ina koyarwa da safe, ina jinya da yamma, wata rana na tsinci kaina ina gyangyaɗi a tsaye da alli a hannu.

A satin ne Iya Tabawa ta zo dubiya, da ƙwaryar fura a kanta, a kan ƙafafunta biyu. Allah ya yafe mini, ban iya gaishe ta da kyau ba. Na ajiye mata ruwa ban kalle ta ba. Ita ba ta ma san akwai abin jin haushi ba. Ta zauna ta riƙe hannun Inna mai lafiya tana ta "Sannu, Hansai, sannu," Inna na kallonta tana ƙoƙarin murmushi da rabin baki. Da ta tafi, na kasa haƙuri. Na durƙusa gaban Inna na ce, "Inna, don Allah me ya sa? Naki ne fa. Na gaya miki naki ne." Ta daɗe tana kokawa da harshenta, har jijiyar wuyanta ta tashi. Sannan ta ce, "Sun zo."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta kuma kalle ni kamar ni ce marar fahimta.

Muna murnar zama, sai tari ya shigo a sati na takwas. Zazzaɓi ya biyo baya, numfashi ya riƙa yin sama-sama. Muka koma Kano. Likita ya ce abinci ne ke bin hanyar iska ya taru a ƙirji, yana faruwa ga masu irin ciwonta. Na sake komawa bencina, layin kati, layin biya. Kwana shida muka yi. Ranar Alhamis da hantsi, ina goge mata fuska da tsumma mai ɗumi, ta ja numfashi ɗaya mai tsawo, ba ta sake jan wani ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Na san kwana ne ya ƙare, ba sai an tuna mini ba, an tuna mini sau ɗari. Amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, ni kuwa na ɗaure nawa da igiyar da ba ta dace ba. Don haka mai tafiya da tsoho, ka bar masa maganinsa a kwalinsa, da rubutun asibiti a jiki, ya yi kama da abin da ake tsoro. Kada ka haɗa shi jaka ɗaya da na ciwon kai da filasta, don ranar da aka buɗe jakar nan ta zama ta gari. Ka damƙa shi a hannun wanda ya iya cewa a'a, ko da yaron gida ne mai taurin kai, ka kuma faɗa a gaban kowa cewa wannan yana iya kayar da wanda ba a rubuta wa ba. In ka kira waya kada ka ce "an sha?" Ka ce a ƙirga maka saura nawa. In kuwa baki ya karkace ko hannu ya saki, a nufi asibiti nan take, tofin a yi shi a cikin mota.

A Toranke aka yi zaman makoki, a tsakar gidan Yafendo. Kwana uku mata na shigowa suna durƙusawa a gabana. Kowace da shaidarta, kuma shaidar kusan ɗaya ce. "Allah ya jiƙan Hansai, ba ta san rowa ba." "Ni da na zo da jiri, maganinta na bakinta ta ɗauko ta ba ni." "Ai ko ni ta ba ni biyu, Allah ya kai haske kabarinta." Suna faɗa da zuciya ɗaya, suna share hawaye. Ni kuwa ina zaune da carbi ina cewa amin, amin, na gode. Ban san amin na da nauyi haka ba.

Ranar uku da yamma, mutane sun ragu, Iya Tabawa ta matso kusa da ni. Ta rame, ɗankwalin nan ɗaure tamau. Ta yi ta juya bakin zaninta kafin ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"'Yar nan, ba don kunya ba... in akwai ragowar maganin nan na Hansai, ki taimaka mini. Tun da ya ƙare kan nan bai bar ni ba. Har duhu-duhu nake gani."

Akwai ragowa, kwali biyu ba a ko buɗe ba. Maganganu sun taso mini har wuya, na wata biyu da na tara mata. Na dube ta, tsohuwa ce kawai mai ciwon kai wadda ƙawarta ta mutu.

Na ce, "Iya, ba zan ba ki ba. Gobe da sassafe ki shirya, tare za mu Gaya."

Washegari muka yi awa uku a kan benci, tana ta tambayata ko allura za a yi mata. Da aka kira mu, nas ta ɗaura mata abin awo, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Sai ta ajiye biro ta kalle ni.

"Tun yaushe take yawo da wannan? Ke ce 'yarta?"

Na buɗe baki zan ce a'a, Iya Tabawa ta riga ni. "'Yar Hansai ce."

Nas ba ta san wace ce Hansai ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta miƙo mini katin ta ce, "To, ki shiga da ita wajen likita yanzu. Kuma ki sa ido sosai, irin wannan ba a fashin magani ko na kwana ɗaya. Kin ji ko?"

Na karɓi katin. Na ce na ji.